Mai Masaukin da Ban Taɓa Gani Ba

Mahaifina mai masauki ne. A ƙauyenmu da ke yankin Gayam, duk falken da ya zo sayen masara ko dawa, duk makiyayin da ya biyo da shanunsa ta gefen daji, gidanmu yake sauka. Akwai wani ɗaki a jikin zaure da muke kira ɗakin ajiya. Baƙo ya sa kayansa a ciki ya kama hanya, ba shaida, ba takarda. In ka tsaya kana zayyana wa mahaifina abin da ke cikin buhunka, sai ya ce ka ɗauki abinka ka nemi wani gidan, don a wurinsa wannan zagi ne. Wani Bafulatani ya taɓa barin wata adaka ya yi kudu da dabbobinsa ina ɗan firamare, bai waiwayo ba sai da na shiga makarantar horon malamai. Ya tarar da ita a rufe yadda ya bar ta, sai dai an ɗora ta a kan duwatsu saboda gara.

Ba zan tsaya ba da labarin yadda muka bar ƙauyen ba. Wanda ya san dajin nan ya san yadda ake barin ƙauye, wanda bai sani ba kuma sai ya gode wa Allah. Mahaifina ya riga mu gidan gaskiya tun kafin abin ya ɓaci, kuma har yau ina yi masa murnar hakan. Sauranmu muka watse. Wasu suka yi Kaduna, wasu Funtuwa, wasu Kontagora. Na kai matata da yara Zariya wurin yayanta, ni kuma na dawo Birnin Gwari saboda an mayar da ni wata firamare a cikin gari. Na kama ɗaki ɗaya a bayan kasuwa. Ni da na tashi a gidan da ba a taɓa cin tuwo a zaure babu baƙo ba, sai ga ni ina dafa taliya a risho ina ci ni kaɗai, ina sauraron rediyon maƙwabcina ta bango. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a shekarun nan, ba na ɓoyewa.

Abin da ya rage mini na gida shi ne Baffa, ƙanin mahaifina, wanda babban ɗansa ya sama masa ɗan ƙaramin gida a ƙarshen gari. Baffa ne mutum na ƙarshe da ya san iyakokin gonakin ƙauyenmu. A wurinmu gona ba ta da takarda. Iyakarta ɗorawa ce, ko suri, ko inda ƙorama ta karya, ko wani dutse da kakan wane ya mirgino ya ajiye ranar da aka raba gado. Duk wannan yana cikin kan tsoho ɗaya mai tari, wanda ganinsa ya fara raguwa. Na sa a raina wata rana za a koma, na kuma san halin danginmu. Mutanen kirki ne, amma a kan taku biyu na ƙasa sai su shekara ba sa gaisawa.

Sai na riƙa zuwa wurinsa bayan la'asar da wayata. In ajiye ta a kan tabarma in danna ɗaukar murya, shi kuma ya rufe ido ya shiga ƙauyen da baki. Daga rijiyar masallaci ya faro, ya yi gabas, yana bi gona gona: wannan ta wane ce, ya gada daga wane, iyakarta ta arewa kanyar nan mai rassa biyu, ta kudu kuma jan surin da kura ta taɓa haƙa. In na katse shi da tambaya sai ransa ya ɓaci, ya koma baya gonaki uku ya sake tahowa, wai shi bai iya faɗowa gona daga sama ba. A hankali ya zaga gabas, ya yi kudu, gonakin yamma na bakin daji su ne na ƙarshe. Mun yi kusan wata biyu a haka. Damina na kamawa ya kwanta, kafin ta fita mun kai shi makwancinsa.

A wurin zaman makoki labari ya bazu cewa Malam yana da muryar Baffa a waya. Kowa ya ce in tura masa. Na gwada, abin ya ƙi tafiya saboda nauyinsa, wayar kuma ta cika har numfashi take da ƙyar. Na ɗauki matsalar na kai wa wani abokina da muka yi aji ɗaya, mai shagon buga takardu da fotokofi kusa da tasha. Mutum ne mai sanƙo da yawan surutu, wanda ba ya amsa tambaya sai ya fara yi maka dariya. Ya yi dariyarsa ya gama, sannan ya ce abin da nake bukata shi ne shafi a intanet, inda zan zuba komai sau ɗaya, kowa ya je ya saurara daga inda yake.

Ya jawo wata lalatacciyar takarda ya juya bayanta yana zane. Ya ce shafi kaya ne, kaya kuwa dole su zauna a wani wuri. Wayata ba za ta yi ba, tunda caji na ƙarewa ta mutu. Amma akwai kamfanoni masu manyan kwamfutoci da ba a kashe su ko da yaushe, saba ake ce musu, su yanka maka wuri a ciki ka zuba abinka. Sai kuma ka zaɓi suna, wanda suke kira domen, shi ne adireshin da ɗan'uwana na Kontagora zai rubuta a wayarsa a kai shi har ƙofa. Na ce sunan na gane, wurin ne ban gane ba. Yana ina? Wa ke gadinsa? Ya ce ƙila yana Legas, ƙila yana wata ƙasar da ni da shi ba mu iya faɗar sunanta ba, kuma wannan ba da wurin shi ake kira hostin. Na ce ya daina jifana da Turanci ya yi mini Hausa.

Ya ajiye biro ya ce, "Malam, kai da ka tashi a gidan saukar baƙi? Mai masauki ke nan. Ka kai kayanka, ya ba ka ɗaki, ya tsare maka."

Daga wannan kalmar ban ƙara jin komai ba. Ya ci gaba da bayani, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce wa'adin shekara ɗaya ne, in ya cika a sabunta. Ya ce za su riƙa aiko da saƙo ta imel, in riƙa dubawa. Ya ce duk mai hankali yana ajiye kwafin abinsa a wani wurin dabam. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai irin na ɗalibaina in an kusa tashi, zuciyata tana can zauren gidanmu. Na ji kamar an ce mini a duk faɗin duniyar nan da ta rikice har yanzu akwai mutum irin mahaifina, kuma ya yarda ya sauke ni.

Kwana uku muka yi muna ɗora muryoyin daga wayata, saboda sabis ɗin garin sai an lallaɓa shi. Na sa wa shafin sunan ƙauyenmu. Na rubuta ɗan bayani a sama, na liƙa hoton masallaci da na makarantarmu. Da aka gama, abokina ya ɗauki tasa wayar ya rubuta adireshin, sai ga Baffa yana gyaran murya a cikin shagon fotokofi, yana cewa to mu fara daga rijiya. Na tashi na fita waje na tsaya ina kallon motocin tasha har idona ya bushe.

Da zan tafi ya danƙa mini wani ɗan katin memori kamar farce, kyauta, ya ce in kwafe komai a ciki in jefa a akwati. Na ce to. Amma a hanya abin ya tsaya mini a rai. Ka ba mutum ajiya, sannan ka koma gida ka ɓoye irinta don ko da ya ci amana, me kake ce masa ke nan? Mahaifina da ya ji haka da ya watso maka kayanka waje. Na san wauta ce, yanzu na sani, amma a ranar gani nake mutunci ne. Na ba maƙwabcina mai rediyo katin ya zuba wa'azi. Bayan mako guda wayar ta ƙi karɓar hotunan yarana da uwarsu ta turo daga Zariya, wai wayar ba sauran wuri. Na bi muryoyin Baffa ɗaya bayan ɗaya na goge, hankalina kwance, har da ɗan alfahari.

Kuma tunda ina da mai masauki, ai dole in riƙa gaishe shi. A shafin kamfanin akwai wani ɗan akwati da aka ce in kana da magana ka rubuta. Kowace Juma'a in na sauko daga masallaci sai in zauna a bakin katifa in haɗa Turancina na malamin firamare in yi gaisuwa. In tambayi lafiyarsa da ta iyali, in yi godiya bisa riƙon amana, wani lokaci in ɗan ba shi labarin gari, ruwa ya sauka ko masara ta yi tsada. Kafin in ajiye wayar amsa ta iso. Sun gode da na tuntuɓe su, saƙona yana da muhimmanci a wurinsu. Na je ina yi wa abokina yabon mutumin, na ce ban taɓa ganin mai saurin amsa gaisuwa irinsa ba. Abokina ya yi dariya har sai da ya riƙe injin fotokofi. Ya ce inji ne ke amsa mini, ba mutum ba, in duba in gani ai kalmomin ba sa canzawa. Na duba, ba sa canzawa. Na ji kunya, na yi fushi da shi na kwana biyu, amma Juma'a na zagayowa na sake rubutawa. A lokacin duk garin nan babu wanda nake gaisarwa ya amsa mini da wuri haka.

Na tura wa dangi adireshin. Aka yi ta sa albarka, Allah ya saka, Allah ya jiƙan Baffa. A ƙasan shafin akwai wurin da ke nuna yawan waɗanda suka leƙo, kullum ina dubawa, in na ga ya ƙaru sai in zauna ina ƙiyasta ko wane ne. Wannan na Funtuwa ne, wannan ƙila ƙanwata ce ta ari wayar mijinta. Abokina, wanda ba ya barin mutum da jin daɗinsa, ya ce yawancinsu injuna ne masu yawo a intanet suna leƙa kowace ƙofa. Na bi dangin da tambaya a fakaice. Ɗaya ya ce ya buɗe datarsa ta ƙare. Ɗaya ya ce yana jira ya samu natsuwa. Ban ga laifinsu ba, mutanen da ke neman abin sawa a baki a garin da ba nasu ba. Amma dai ya tabbata cewa baƙon da ke zuwa gidan nan ni ne. In na taso daga makaranta sai in kishingiɗa in buɗe, Baffa ya faro daga rijiya ya yi gabas. Sabis ba ya barinmu mu yi nisa, yana yankewa sai in koma farko. Gonakin gabas har na haddace su. Na yamma kuwa tun ranar da na ɗauka ban ƙara jin su ba.

Shekara ta kusa zagayowa sai aka wayi gari an katse layukan waya a yankinmu gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Aka ce na ɗan lokaci ne, ɗan lokacin ya zama watanni. Wayoyi suka koma tocila. Wanda ke son jin muryar iyalinsa sai ya jira ranar da motoci za su taru su bi hanyar Kaduna, ya sa ransa a hannu, ko ya ba direba wasiƙa. Ni wasiƙa nake bayarwa. Abokina ya rufe shago ya tafi neman aiki a Kaduna, tunda rabin sana'arsa ta mutu. Shirun watannin nan ban taɓa jin irinsa ba. Amma ko sau ɗaya ban damu da ajiyata ba. Na tuna da zancen wa'adi, na ce ai mai masauki ya san baƙo yana makara. Hanya takan ɓaci, ruwa yakan cika rafi. Wane mai masauki ne zai taɓa kayan mutumin da ya san yana cikin daji?

Ranar da sabis ya dawo ina cikin aji. Wayar ta fara kaɗawa a aljihuna ba ta tsaya ba, na ji ihun murna daga wajen kasuwa. Da aka tashi na kira Zariya, na ji muryar kowa, sannan na rubuta adireshin ƙauyenmu. Farin shafi ya fito, da rubutun cewa sunan nan babu mai shi, duk mai so yana iya ɗauka. Na ɗauka kuskure na yi, na sake rubutawa harafi harafi. Sai na buɗe imel. Saƙonninsu na jere, cikin ladabi ƙwarai. Na farko yana tuna mini wa'adi ya kusa. Na biyu ya ce ya cika. Na uku ya ce sun ƙara mini 'yan makonni. Na ƙarshe ya ce sun share ɗakin, suna fatan zan sake hulɗa da su.

Bayan kwana biyu abokina ya dawo ya buɗe shago, na same shi yana kakkaɓe injuna. Ya karanta saƙonnin a tsaye, bai yi dariya ba. Ya tambaye ni katin da ya ba ni, na gaya masa gaskiya. Sai ya zauna ya rubuta wa kamfanin doguwar wasiƙa, ya bayyana musu halin da garinmu ya shiga da abin da ke cikin muryoyin. Wannan karon amsa ba ta zo da wuri ba, sai da ta kwana uku, kuma da gani mutum ne ya rubuta. Wata mata ce. Ta ce ta karanta, ta yi baƙin ciki, ta sa an duba ko akwai abin da ya rage, babu. Ta ce ta ga gaisuwata ta Juma'a duka a jere, tana ba da haƙuri da ba wanda ya taɓa amsawa.

Na so in yi fushi da su, na nema na rasa ta inda zan kama. Ba su ɓoye mini komai ba. Abin da suka ce za su yi shi suka yi, har da ƙari. Abokina ya naɗe takardar da ya buga mini amsar ya miƙo, ya ce, "Laifina ne, Malam. Da mai gidan haya na ce maka."

Na ce masa a'a, shi ya faɗi kalma ɗaya, ni na cika ta da abin da nake so.

Na sayi littafin rubutu na zauna ina kwashe abin da ke kaina kafin shi ma ya zube. Gabas ta zo cikin sauƙi, har da inda Baffa ke tsayawa ya yi tari. Kudu ta zo da giɓi nan da can. Da na iso yamma sai biro ya tsaya. Ina tuna yammacin da ya yi maganar gonakin, ina tuna akuyar da ta shigo ta taka tabarma, amma abin da ya faɗa ya tafi. Na bi tsofaffin da suka rage, kowa gonar gidansu kawai ya sani, kuma kowa yana ɗan faɗaɗa ta.

Da abubuwa suka ɗan lafa, mutanenmu suka fara komawa noma. Ba kwana ake yi ba, a tafi da safe a dawo kafin rana ta yi sanyi. Littafina ya yi amfani a gabas, ya kashe rigima biyu ko uku, har aka fara yi mini kallon mai ilimi. Sai wata rana aka aiko in zo yamma. Babban ɗan Baffa ne da ɗan wani baffan namu, gonakinsu na jingine da juna a bakin daji. Masu gawayi sun sare duk manyan itatuwan wurin, ciyawa ta rufe komai. Kututture biyu suka rage, tsakaninsu kamar taku goma sha biyu. Ɗan Baffa ya ce na ɗorawar can ne iyaka, ɗayan ya ce na maɗacin nan ne. Ba wanda ya ɗaga murya. Sun jingine fartanyunsu suna jirana, don duk sun san mahaifin ɗaya daga cikinsu ya faɗa mini da bakinsa.

Ɗan Baffa ya ce, "Yaya, kunna mana shi kawai mu ji. Abin da ya ce shi ke nan."

Na tsaya tsakanin kututturan. Da na nuna ɗaya da an yarda, ba wanda zai taɓa sani, kuma na ji hannuna yana son ɗagawa. Na gaya musu muryar ta ɓata, ni na ɓatar da ita, kuma ban tuna abin da ya ce game da nan ba. Ɗan Baffa bai yi maganar gona ba. Ya tambaye ni ko muryar duka ce ta tafi, ko akwai ɗan abin da ya rage da zai ji. Sai a lokacin na gane bai taɓa samun buɗe shafin ba, yana ta jira ya samu natsuwa. Na ce duka ce. Ya sunkuya ya ɗauki fartanyarsa.

Ba su yi faɗa ba. Kowa ya ja baya zuwa kututturen da ke ɓangarensa ya fara noma daga can, suka bar tsakiyar. Damina uku ke nan ba wanda ya sa mata fartanya, ciyawa ce kawai doguwa tsakanin masara da masara. Mutanen ƙauyen suna kiranta gonar Malam. In na bi ta wurin da rana nakan tsaya in yi musu sannu da aiki, ɗan baffan namu ya ɗago ya amsa, ɗan Baffa kuma ya amsa bai ɗago ba.